Bishiyar da Inna Ta Sare

Ummi da Faruku, tun kuna ƙanana, duk lokacin da kuka tambayi abin da ya sa kakarku ta zo ƙasar nan ta Amurka sau ɗaya tak, ta kuma koma ba ta cika wata guda ba, amsa ɗaya muke ba ku: sanyi ne ya kore ta. Babanku ne ya ƙirƙiro wannan amsa, shi da da ma aikinsa ke nan a gidan rediyo, gyara labari kafin ya shiga kunnen jama'a. Ni kuma na bar ta ta zauna don ta yi mini daidai. To, ba gaskiya ba ce. Inna ba ta tsoron sanyi, ba ta tsoron komai in ban da abin kunya. Ni na kore ta, kuma a kan bishiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi, tun ina da hannun rubutawa.

Sai na fara da bishiyar, don ta riga ku zuwa hannuna. Kun san gidan binciken tsirrai da na yi wa aiki a Beltsville, wanda kuke kira gonar Mama. A shekarata ta biyu a can aka kawo mana ƙwayar iri goma sha biyu cikin ambulan, daga wani tsibiri da ke can cikin tekun Pasifik. Bishiyar dangin wadda Turawa ke rataya wa fitilu ce a Kirsimeti, irin waɗanda ba sa fure, sai dai su fid da wani ƙwallo mai ɓawo-ɓawo kamar ƙaramar abarba, 'ya'yan suna ciki. Amma ita wannan ba ta yi ganye mai kama da allura irin na 'yan uwanta ba. Nata mai faɗi ne, mai kauri, tsawon ɗan yatsa, kore shar rani da damina, ba shi da jijiyar tsakiya, sai zare-zare a jere daga gindi zuwa baki. A duk duniya ba ta fitowa ko'ina sai a saman duwatsun tsibirin nan, inda hazo ke wuni bai tashi ba. Masu haƙar ma'adinai sun ci gefe ɗaya na dajin, gobara ta ci ɗaya gefen, abin da ya rage kaɗan ne. Sunanta na littafi dogo ne, ba zan wahalar da ku da shi ba. Mu dai Ta Bakwai muke ce mata, don a tukunya ta bakwai ta tsiro.

Cikin goma sha biyun nan uku ne suka tsiro, biyu suka mutu kafin su shekara. Ita kaɗai ta rage, aka kuma damƙa ta a hannuna. Shekara goma sha ɗaya ina auna mata ruwa, ina auna mata zafi, ina fesa mata raɓa da safe don ta ɗauka tana kan dutsensu. Ba ta da sauri ko kaɗan, a shekara ba ta ƙara taƙi guda, sai da ƙyar ta kawo kafaɗata. Burinmu ta girma ta yi 'ya'ya, a mayar da irin tsibirinsu. A cikin waɗannan shekaru na yi aure, na shekara tara ban haihu ba. Idan muka je taron suna a Largo, garin da mutanenmu 'yan gida suke zaune, mata su miƙo mini jariri suna kallona da tausayi, ni kuma in karɓa ina murmushi kamar ban gani ba. Babanku kan tsokane ni ya ce ai mu mun riga kowa, 'yar farinmu tana can a tukunya. Ina dariya, amma a raina haka ɗin ne.

Yanzu ga Inna. Ni ce 'yar farinta, kuma ku da kuka tashi a nan ba za ku gane nauyin wannan magana ba sai na buɗe muku ita. A wajenmu, a Malumfashi ta wancan zamani, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye ni aka kai ni wajen Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ita ta rene ni. Idan na je gaishe da Inna sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In ta kama dole ta ambace ni sai ta ce waccan yarinyar. Ba ta taɓa tambayata wane aiki nake yi ba, ni ma ban taɓa gaya mata ba. Ƙanwata Jummai ta ce idan maƙwabta suka tambaya, Inna kan ce an ce dai tana aikin gona a Amurka, sai ka ce gonar ta ƙare a gida.

Da Allah ya kawo cikinki, Ummi, Gwaggo Asabe ce ya kamata ta zo ta yi mini wankan jego, don a al'ada ba aikin uwa ba ne a haihuwar 'yar fari. Gwaggo ba ta samu biza ba. Ina nan ina shirin haƙura sai ga saƙo wai Inna ta nema ta samu, tana tafe. Na karanta takardar nan sau uku. Matar da ba ta taɓa wuce Kano ba, matar da ba ta iya haɗa ido da ni, ita ce za ta hau jirgi ta keta teku saboda ni. Ta sauka a tsakiyar watan Janairu, saura mako guda in haihu. Kanwa da yaji da daddawa duk sun tsira a jakarta, amma ƙunshin ganyen darbejiya da ta shanya don wankan, masu hana shigowa da tsirrai sun karɓe shi a filin jirgi. Da na ji har na ce ai sun yi daidai, doka ce. Inna ta tsaya a taga tana kallon itatuwan layinmu, duk sun zubar da ganye sun tsaya tsirara.

Wankan jego kuwa ba ya yiwuwa sai da ganye. Ana tafasa ruwa, a tsoma damin ɗanyen ganye a ciki, a riƙa watsa wa mai jego ana danna mata jiki da shi, safe da yamma, har kwana arba'in. A cikin kwanakin nan ba ta fita ko ƙofar gida, don kada sanyi ya shige ta. Kwana biyu kafin haihuwar, Inna ta tsaya a bayan ƙofar kicin ta yi wa babanku magana, fuskarta a gefe.

"Malam, ko za a samo ganye? Ɗanye. Na ga garin naku duk itatuwan sun mutu."

"To, Inna, za a duba," in ji shi, yana durƙushe.

Ya duba ɗin. Ya leƙa kantin 'yan Afirka a hanyarsa ta dawowa daga aiki, ya ga alayyafo da kabeji, ya dawo gida bai gaya mata bai samo ba.

Ranar Asabar aka haife ki. Ranar Lahadi dusar ƙanƙara ta sauko irin wadda ban taɓa gani ba, ta karya itatuwa, ta tsinka wayoyin wuta. Ina kwance a asibiti Walter ya kira ni, wani dattijon Bature mai gemu da muka yi aiki tare tun zuwana. Ya ce na'urar ɗumama babban ɗakin gilashin da tsirranmu suke ta tsaya, gyara zai ɗauki kwanaki, ana rarraba masu daraja zuwa gidajen ma'aikata na kusa. Gidanmu yana da wuta, yana kuma da ɗan ɗakin gilashin nan na baya. Na ce a kai Ta Bakwai can. Na juya na ce wa babanku ya gaya wa Inna kada kowa ya taɓa ta, ko ruwa kada a ba ta sai na dawo. Litinin da safe shi da Walter suka shigo da ita a naɗe cikin bargo. Babanku ya je ƙofar kicin ya durƙusa.

"Inna, ga bishiya an kawo."

Ta leƙo, ta ga kore shar a tsakiyar garin da babu ganye ko ɗaya.

"Madalla. Allah ya yi albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Daga baya na tambaye shi me ya hana shi ƙarasa saƙon. Ya ce, "Saudatu, tsohuwa tana sa mini albarka, ta yaya zan buɗe baki in kafa wa surukata doka?" Shi bai gane abin da take wa godiya ba. Ita kuma ta ɗauka surukinta ya shiga cikin ƙanƙara ya nemo mata ganyen da ta roƙa, har da tukunyarsa.

Da yammacin ranar aka sallamo mu. Inna ta kafa mini tata dokar: daga ɗaki sai banɗaki, ɗakin gilashi kuwa akwai sanyi, kada ma in doshi wajen. Ban yi musu ba, jikina duk a mace yake. Ta tafasa ruwa a babbar tukunyar da muke dafa shinkafar taro, ta juye a baho, ta zaunar da ni a kan 'yar kujera. Kun san ba na gani sai da tabarau, kuma a bakin ƙofa nake ajiye shi saboda tururi. Abin da na sani kawai zafi, da wani ƙamshi mai sanyaya rai kamar na turaren wuta, na ɗauka wani haɗi ne ta zo da shi daga gida. Sai kuma hannunta. Ina da shekara talatin da takwas, ban san taɓin hannun mahaifiyata ba sai ranar. Ta danna mini baya, ta danna mini ciki, ta tallabe kaina da tafinta tana watsa ruwan. Na yi kuka a cikin tururin nan, na bar ta ta ɗauka zafin ruwa ne. Ba zan ɓoye muku ba, a duk rayuwata ban ji daɗin wani abu kamar wankan nan ba. Ta yi mini na Litinin, ta yi biyu ranar Talata, ta yi na safiyar Laraba.

Ranar Laraba, bayan wankan safe, ina zaune a bakin gado na mayar da tabarau, sai na ga wani ganye ya manne a hannuna. Na ɓamɓare shi zan yar. Ya dahu, ya yi laushi, amma zare-zaren nan suna nan a jere, babu jijiyar tsakiya. Na daɗe ina kallonsa, kaina ya ƙi karɓa. A duk faɗin ƙasar nan bishiya ɗaya na sani mai wannan ganye. Na shinshina hannuna, na ji ƙamshin ƙaron da nake ji duk safiya shekara goma sha ɗaya, wanda hancina ya sani sarai amma hankalina bai kawo ba. Ban san lokacin da na sauko matakala ba, ko ɗankwali babu.

Tukunyar tana nan a inda aka ajiye ta. Abin da ke cikinta sanda ce, iya ƙuguna, da reshe biyu na can ƙasa da suka yi saura. Duk inda reshe yake a da, farin ƙaro ne ke tsiyaya. An bi ta hawa-hawa, daga tsakiya zuwa sama, da wuƙar yankan albasa, ga wuƙar nan a bakin taga. Kan kuwa babu shi. A gefe na hango bokiti da ruwan sanyi, an tsoma wani dami a ciki don kada ya yi yaushi kafin wankan yamma. A tsakiyar damin ga kan bishiyar, da tohonsa, ko awa biyu bai yi da yankewa ba.

Dole in yi muku ɗan bayani a nan. Irin waɗannan bishiyoyi, in ka dasa reshen gefe, ko ya kama, a kwance zai yi ta tafiya har abada, ba zai taɓa miƙewa ya zama bishiya ba. Kan ne kaɗai ya san sama. Ita kuma sandar da aka bari, babu wanda ya taɓa ganin irinta ta sake toho, duk abin da muka sani ya nuna bushewa za ta yi. Saboda haka abin da ya rage na shekara goma sha ɗaya yana cikin bokitin nan, kuma sai an dasa shi cikin 'yan awoyi a ƙaramin ɗakin rainon dashe na wurin aiki, wanda janareta ke riƙe da shi. Na san Walter zai iya zuwa ya ɗauka. Na san da haka a lokacin, ba yanzu na gano ba. Amma na fi shi hannun dashe, ina kuma taƙama da hakan. Gaskiyar da ta fi wannan ita ce ba na iya zama a gida ɗaya da Inna a wannan sa'a. Babanku ya bi jirgin ƙasa zuwa aiki, mota tana ƙofar gida. Na naɗe kan bishiyar a jiƙaƙƙen tawul, na zura riga da takalmi, na ɗauki makulli.

Na tarar da Inna a tsaye a bakin ƙofar fita, kina saɓe a kafaɗarta. A karo na farko tana kallon tsakiyar idona.

"Ina za a?"

"Wurin aiki."

"Mai jego ba ta fita. Kwana huɗu. Dubi waje."

"Inna, kin san abin da kika sare?"

"Ganye ne. Malam ya kawo."

"Ba na wanka ba ne. Babu irinta a ƙasar nan, a duniya ma saura kaɗan. Amana ce aka ba ni."

Ta kalli tawul ɗin da ke hannuna, ta kalle ni. Na ga abin ya shige ta, na ga leɓenta ya motsa. Amma ba ta matsa daga ƙofar ba.

"Ban sani ba. A kira Baturen ya zo ya ɗauka. Ke dai ba za ki fita ba."

Na miƙa hannu zan murɗa ƙofa, sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

"Saudatu."

Ashe ta iya faɗarsa. A hankali ta faɗe shi, daidai, kamar wadda ta daɗe tana maimaita shi a zuci. Shekara talatin da takwas ina jiran wannan kira, ya kuma zo, da na ajiye tawul ɗin nan da labarin da zan ba ku daban ne. Amma zuciya ta riga ta hau. Ga abin da na ce wa mahaifiyata, ban rage ko harafi ba:

"Ki matsa mini. Shekara goma sha ɗaya ina rainon abin nan, kin zo kin kashe shi a kwana uku. Da kin taɓa tambayata abin da nake yi da rayuwata, da kin sani."

Ta gyara ki a kafaɗarta, ta mayar da idonta bango inda ya saba zama.

"Haka ne," in ji ta. "Ni ma tawa na zo dubawa."

Ta matsa, na wuce.

Ban tuna yadda na tuƙa motar nan ba. Na tuna dai fuskar Walter da ya gan ni, ya ga abin da ke cikin tawul, ya zauna a kan buhun taki. Ya tambayi abin da ya faru, na gaya masa, sai ya ce in maimaita, ya ɗauka Turancina ne ya sami matsala.

"Wanka? Kin yi wanka da ita?"

"Sau huɗu," na ce.

Na raba kan gida biyar, na shafa wa kowanne maganin fid da saiwa, na dasa su a ƙarƙashin raɓa. Awa uku ina tsaye. Da na gama sai na ga jini ya sauko har cikin takalmina, Walter ne ya mayar da ni gida ina rawar ɗari. Na tarar kin yi kuka har kin gaji kin yi barci a bayan Inna. Ruwan wankan yamma yana kan murhu, ya tafasa ya huce. Ta sake tafasa shi, ta kai ƙofar banɗaki ta ajiye, babu ganye, ba ta kuma shiga ba. Haka ta yi ta yi safe da yamma. Kunun kanwa bai fasa zuwa ba, abinci bai fasa ba, hannun ne kawai ta janye.

Ranar Asabar aka yi suna, mutanen Largo suka keto ƙanƙara suka cika gidan. Aka raɗa miki sunanta, Rabi'atu, shi ya sa muke ce miki Ummi. Inna ta karɓi barka tana fara'a, babu wanda ya ga alamar komai. Washegari ta tsaya a bayan ƙofar kicin ta ce wa babanku a gyara mata tikiti. Ya roƙe ta, har ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga kai ya ce laifinsa ne. Ta ce babu laifin kowa, ta dai bar awaki a hannun mutane. Ni kuwa ina sama ina jin su, girman kai ya danne ni a kan gado. Ina cewa a raina ai ni aka yi wa ɓarna. Ranar da za ta tafi na durƙusa na ce Allah ya kiyaye hanya, ta amsa wa bango.

Da Walter ya zo ɗaukar tukunyar bayan an gyara na'urar, sai muka tarar an yi wa sandar aiki. An kwaɓa toka daga kaskon turaren Inna da ƙasar tukunyar, an shafe kowane yanka, an kuma naɗe saman da ƙyalle an ɗaure tam. Na gane ƙyallen, daga gefen zanenta mai ruwan goro ta yage shi. Haka na ga ana yi wa mangwaron gidanmu in iska ta karya shi. Ban san yaushe ta yi ba. Walter ya kai hannu zai kwance, sai ya fasa, ya ce a bar shi, ai wadda ta mutu ba ta damu da abin da aka ɗaura mata ba. Aka kai ta can ƙarshen ɗakin gilashi aka jingine.

A wurin aiki na faɗi gaskiya yadda take. Ba su kore ni ba, amma sun ɗauke ni daga kan tsirrai masu rai, suka mayar da ni ɗakin busassun ganyaye da ake mannawa a takarda, inda kuka san ni har na yi ritaya. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya rage mini shi ne dashen nan biyar, kullum da rana ina zuwa in leƙa su. Na farko ya yi baƙi a Fabrairu. Uku suka bi shi a Maris. Na ƙarshe ya riƙe korensa har tsakiyar Afrilu, na fara sa rai, ranar da na ɗaga shi na ga gindin ya ruɓe tuntuni. Na zauna a ƙasa da shi a hannu. Wato na tsallake mahaifiyata, na bar jaririyar kwana huɗu, na faɗi maganar da ba ta maiduwa, duk a kan abin da ƙarshensa kwandon shara.

Wata safiya a watan Mayu Walter ya leƙo ɗakina ya ce in zo in ga wani abu. Ya kai ni ƙarshen ɗakin gilashi, ya nuna da yatsa. A ƙarƙashin ƙyallen Inna, daidai bakin ɗaurin, wani toho ya faso ɓawo, ja-ja, bai kai tsawon farce ba. Ba gefe ya nufa ba. Sama yake kallo. Na cire tabarau na goge, na mayar, yana nan. Walter ya ce akwai idanun toho da ke barci a jikin sandar, da ma ba mu sani ba ne, har ya rubuta takarda a kai daga baya. Ni ma'aikaciyar bincike ce, ba zan rantse muku cewa toka da ƙyalle ne suka raya ta ba. Abin da na sani, duk abin da hannuna ya taɓa ya mutu, wanda nata ya taɓa ya rayu.

A lokacin babu wayar hannu. Sai da na aika aka sa rana, Jummai ta kawo Inna gidan kawunmu mai tarho. Inna ba ta karɓi kan wayar ba, ta zauna a gefe Jummai tana isar da magana.

"Ki ce mata bishiyar ta yi toho. Ba ta mutu ba. Ki ce mata inda ta ɗaure ne ya tsiro."

Na ji Jummai ta faɗa. Sannan na jiyo muryar Inna daga nesa, ba da ni take ba.

"Alhamdu lillahi. Tambaye ta, an ƙarasa wankan?"

Wata huɗu ina ɗauka bishiyar ce a tsakaninmu. Ita ashe ba ta ita take ba. Tun ranar da jirginta ya tashi ban sake tafasa ruwa ba, ina shiga in sakar wa kaina famfo in fito kamar kowa. Na buɗe baki na ce wa Jummai ta ce an ƙarasa. Na ji Inna ta ce to, madalla, a irin muryar da ke nuna ta san ƙarya ce.

Bayan shekara biyu na kai ki gida, Ummi. Na shiga ɗakinta na durƙusa na nemi gafara. Ta ce me na yi mata, Allah ya yafe mana baki ɗaya, sannan ta ɗauke ki ta goya ta fita tsakar gida. Na yarda ta yafe, Inna ba ta faɗar abin da ba ta nufa. Amma da aka haifi Faruku na aika mata ta zo, sai ta ce ƙafa ta yi nauyi, ta turo Jummai. Ta rayu shekara goma sha huɗu bayan haka, ina zuwa ina dawowa, ba ta sake kiran sunana ba. Sau ɗaya ke nan a duniya, kuma kun ji amsar da na ba ta.

Ta Bakwai tana nan. Ta wuce tsayin mutum uku, sai da aka ɗaga mata rufi, kuma shekarun baya ta fara 'ya'ya, an aika da su tsibirinsu. In kuka je, ku duba daidai ƙugu, za ku ga ɗan karkace inda sabon kan ya fito. Ƙyallen yana cikin akwatina, a ƙarƙashin fasfo.

Ummi, likita ya ce watan Janairu za ki sauka. Shekara uku kina tsokanata a kan darbejiyar da na sa a tukunya a ɗakin gilashi, kina cewa Mama ta yi ritaya amma ba ta daina aiki ba. Ba aiki ba ne. Tun ranar da aka ɗaura miki aure na nemo ta, yanzu ta kai rufi, na lissafa rassanta za su kai mu arba'in in an yi tattali. Na san abin da likitocinku ke cewa, ba zan sa ruwan ya yi zafin na da ba, in kuma kin ce ba kya so ba zan tsaya miki a ƙofa ba. Amma in kin yarda, wannan bishiyar ta yanka ce, na kuma wasa wuƙar.